Gwiwar Dovie da Jitar Harlan

Dovie Tidwell ta shekara ashirin da shida tana ɗinka kwalar riga kafin ta taɓa jita da niyyar kiɗa. Tana 'yar sha bakwai ta bar gonar audugar ubanta a kudancin Tennessee, ta shiga kamfanin ɗinka riguna na garin Sugar Fork, aka zaunar da ita a layi na uku kusa da taga. Tana kan wannan kujerar ta yi aure, tana kanta ta haifi 'yarta Glenda ta aurar, tana kanta furfura ta fara tsiro mata. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, hannunta da sauri kamar me. Ba a hira a wurin aikin, don ƙarar kekunan ɗinki ɗari biyu ba ta barin kowa ya ji wani, amma bakin Dovie ba ya rabuwa da waƙa ƙasa-ƙasa. Matan layinta sukan ce in ka ga leɓenta ya tsaya, to allura ce ta karye.

Mijinta Harlan dogo ne siriri, in ya zauna gwiwoyinsa sai su kusa taɓa haɓarsa. Tankar madara yake tuƙawa, ya bi gonaki ya kwaso ya kai kamfani, kafin ƙarfe biyu na rana ya dawo gida. Daga nan sai jita. Tasa irin ta kwance ce, mai ƙafa huɗu kamar ƙaramin tebur, tsirkiya goma a sama, feda uku a ƙasa. Mai kiɗa zama yake yi a gabanta, ya riƙe wani gundumen ƙarfe mai santsi a hannun hagu yana zamewa da shi a kan tsirkiya, ya sa faratan ƙarfe a yatsun dama yana tsinka, ƙafar hagu kuma tana taka feda. Kowace feda in an taka, sai ta ja wasu tsirkiyoyi muryarsu ta ɗaga. Harlan ya sayi tasa hannu na biyu, kuma shekara goma sha ɗaya yana fama da ita. Ba gwani ba ne, shi ma ya sani, amma ba ya sa a ji kunya.

Kowace Asabar da tsakar rana ƙungiyar Delmus Yarbrough takan hau bayan tirela a filin shagon abincin dabbobi ta yi kiɗa, gidan rediyon garin ya watsa rabin awa. Delmus mai aski ne, shi ne mawaƙin, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Dovie takan zauna a bayan a-kori-kura tare da sauran matan makaɗan, da kwandon soyayyen fanke mai tuffa a ciki, tana miƙa wa duk wanda ya matso. Babu waƙar da ba ta haddace ba. A gida ma, tana madafa hannunta cikin ƙullun gurasar masara, sai ta ɗaga murya ta ce, "Baban Glenda, tsirkiya ta shida ta yi ƙasa." Harlan ya yi gunaguni, ya duba, ya tarar ta yi ƙasan.

A bazarar 1974 Harlan ya kai Delmus Nashville wurin likitan ido. Yana jira a gama da shi, sai ya shiga wani shagon kayan kiɗa don ya rage lokaci. Ya dawo gida da yamma. Aka sa abinci, ya yi ta juya cokali a faranti.

"Kuɓewar ce ba ta soyu ba?" in ji Dovie.

"Kuɓewa lafiyarta ƙalau, Mama."

"To me ya same ka? Idon Delmus ne?"

"Idon Delmus ma ƙalau, tabarau kawai aka ba shi. Wani sauti na ji yau."

Ya tashi ya je ya zauna gaban jitar, ta biyo shi da tsumman goge hannu. Ya tsinka tsirkiya uku, ya zame ƙarfen ya sake tsinkawa. Ya ce tsakanin wannan da wannan akwai wata murya da ya daɗe yana ji a kansa, bai taɓa samunta ba. Fedojinsa duk ɗaga murya suke yi. Amma mutumin da ya gani a shago yana da abin da ke saukar da tsirkiya ta huɗu da ta takwas, kaɗan, kamar mutum ya ɗan sunkuyar da kai in an ambaci mamaci.

"Da wace fedar yake yi?"

"Ba feda ba ce. Wani ƙarfe ne ke rataye a ƙarƙashin jitar, sai ya ture shi gefe da gwiwa."

Dovie ta dube shi, sai dariya ta kama ta har ta dafa bango.

"Mene ne abin dariya?"

"Har Nashville ka je ka gano wannan? Ai abin da nake turawa ke nan tun kafin ka san hanyar gidanmu."

Ta yi masa bayani. Kekunan kamfani duk suna da ƙarfen gwiwa a ƙarƙashin tebur. Hannuwa biyu suna riƙe da yadi, ƙafa tana kan feda, to in za a juya kwana a kwala, da gwiwa ake ture ƙarfen, abin da ke danne yadin ya ɗaga, a juya, a saki. Sau dubu nawa a yini, ita kanta ba ta sani ba. Harlan bai taɓa shiga ɗakin ɗinkin ba, iyakarsa bakin ƙofa in ya zo ɗaukarta ranar ruwa.

Ya ce ko ma dai mene ne, sabuwar jita mai irin wannan ƙarfen ba ta direban madara ba ce.

"Wa ya yi maganar sabuwa?" in ji ta. "Bari in ga Yaya gobe."

Yayanta Winfred Pettus shi ne makanikin kekunan kamfanin. Tun yana yaro babu abin da bai kwance ya mayar ba, daga agogon bangon uwarsu har injin famfon rijiya. Sai dai kunnensa bai san kiɗa ba ko kaɗan. A coci ma an taɓa roƙonsa da girma da arziki ya riƙa motsa baki kawai in ana waƙa. A bayan ɗakin aikinsa akwai tarin matattun kekuna, ya tambayi shugaban sashe, aka ce ya ɗebi abin da yake so. Ran Lahadi bayan coci ya iso da ƙarfen gwiwa guda a naɗe cikin jarida, da akwatin kayan aikinsa.

Bai ce a juya jitar ba tukuna. Ya cire rigar coci ya rataye, ya kwanta rigingine a ƙasa ya cusa kai ƙarƙashinta, ya ce Harlan ya taka feda ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallo.

"Suruki, wanda ya ƙera wannan abin, ƙyauren gareji ya saba yi."

"Kai dai faɗa mini, za ta yiwu ko ba za ta yiwu ba?"

"Ban taɓa ganin ƙarfen da ya ƙi ba. Mutane ne ke ƙi."

Ya fito ya zana musu a bayan ambulan. Kowace tsirkiya a kan wani ɗan yatsan ƙarfe take ɗaure a gefen dama. Feda tana jan yatsan gaba, tsirkiya ta ƙara tauri. Su kuwa akasin haka suke so: yatsu biyu su ɗan koma baya in an ture ƙarfen, su dawo daidai inda suke in an saki. Don haka za a gitta wani ƙarfe a cikin jitar daga gaba zuwa baya, a rataya na gwiwar a jikinsa, a miƙa siraran sanduna biyu zuwa yatsun, a sa sifirin da zai dawo da su, sannan noti guda da zai tsayar da abin kada ya wuce. Sai an huda rami huɗu a katakon.

Da jin rami huɗu, fuskar Harlan ta canja. Aka shimfiɗa bargo a teburin cin abinci, aka kifa jitar ƙafafunta sama. Winfred ya jona injin huda. Harlan ya tsaya a kansa yana numfashi a wuyansa, yana cewa a ɗan matsa hagu, a'a, dama, kada a kusanci wancan wajen.

"Ƙanwata, ki fitar mini da mijinki, ko in huda shi."

Dovie ta ɗauko tukunyar askirim ta hannu, ta zuba madara da sukari da ƙanƙara da gishiri, ta kai baranda ta zaunar da Harlan ta ce ya juya, kada ya tashi sai ya daskare. Daga ciki tana jin sa. In injin huda ya fara kuka, sai juyin ya ƙara sauri. Ba a taɓa yin askirim da ya daskare da wuri a gidan kamar na ranar ba.

Lahadin farko abin bai yi ba. Sifirin ɗin da Winfred ya ciro daga ƙofar raga ba shi da ƙarfi, in an ture murya ta sauka, in an saki ba ta dawowa wurinta. Winfred ya ce shi dai a kunnensa ta dawo. Dovie ta ce kunnensa ba shaida ba ne. Lahadi ta biyu ya zo da sifirin biyu na birkin tsohuwar motarsa, aka sa, sai ƙarfen ya yi taurin da sai an haɗa da kafaɗa. Ya yanke, ya gwada, ya sake yankewa, tsirkiya ɗaya ta tsinke ta tsaga masa babban yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Can wajen la'asar aka mayar da jitar kan ƙafafunta, saura daidaita notin tsayawa.

Nan aikin ya koma hannun Dovie. Harlan ya tsinka ta huɗu, ita ta rera muryar da ake nema ta riƙe ta a hanci, Winfred yana kwance a ƙasa da sifana, hannu ɗaya yana ture ƙarfen.

"Ƙara, Yaya. Ƙara kaɗan. Ka wuce. Koma baya rabin abin da ka yi."

"Rabin me? Ni duk ɗaya nake ji."

"Kai dai juya. Tsaya nan. Kada ka yi ko tari."

Aka yi wa ta takwas haka. Winfred ya ɗaure noti, ya wanke hannu, ya ci faranti biyu na wake da gurasar masara, ya tafi.

Sai dai Harlan ya kasa. In ya ture gwiwa hagu, ƙafarsa sai ta zame daga kan feda. In ya dage ya riƙe feda, gwiwar ta ƙi motsi, kamar an zuba mata siminti. In kuma ya tuna duka biyun, hannun hagu ya manta inda yake. Mako uku yana yi kullum daga ƙarfe biyu har lokacin cin abinci, yana magana da ƙafarsa kamar mai lallashin alfadari. Dovie tana ji daga madafa in ta dawo aiki, tana cije leɓe.

Asabar ta huɗu ya ce ya shirya. Fili ya cika, rediyo a buɗe, Delmus ya ɗauko wata waƙa mai sanyi. Da aka zo inda Harlan zai shiga, sai ya rufe ido ya kai wa ƙarfen duka da gwiwa da dukkan ƙarfinsa. Jitar ta ja ƙafafunta a kan katakon tirela ta yi gefe kamar taku ɗaya, kofin shayi mai ƙanƙara da ke kusa ya kife a takalmin Delmus, gundumen ƙarfen ya suɓuce daga hannun Harlan ya gangara ya faɗa ƙarƙashin motar wani. Lasifika ta yi wani kuka irin na ɗan maraƙi.

Delmus bai ko daina murmushi ba. Ya matsa bakinsa kusa da makirfo ya ce, "Jama'ar gida da ba ku gani ba, Ɗan'uwa Harlan ya koya wa jitarsa tafiya. Mako mai zuwa muna sa ran za ta fara gudu."

Ranar Litinin duk gonar da ya shiga ɗaukar madara sai an tambaye shi ko ya ɗaure ta kafin ya fito. Ya dawo gida ya ɗauko sifana, ya durƙusa gaban jitar. A haka Dovie ta shigo ta same shi, jakarta ma ba ta ajiye ba.

"Me za ka yi?"

"Cire shi zan yi. An haifi wasu da gwiwa, ni ba a haife ni da ita ba."

"Yaya ya zubar da jininsa a kan abin nan. Tashi in nuna maka. Dukansa kake yi, shi kuwa jingina ake yi masa."

Ta zauna a kujerarsa, ƙafafunta suka ƙi kai feda. Ta ɗauko 'yar kujerar da take zama in tana gyaran wake. Yanzu ƙafa ta kai, amma ƙarfen ya yi mata sama, don da tsawon Harlan aka auna. Ta naɗe tawul ta ɗaure a ƙasansa da igiyar rigar girkinta. Sannan ta ɗora ƙafa a feda biyu, ta taka, ta saki, ta jingina gwiwa, ta dawo. Diddigenta bai motsa daga ƙasa ba.

"Ka gani? Daga ƙugu abin yake fitowa, ba daga ƙafa ba."

"Haka kawai babu sauti ai kowa ma ya yi."

"To sa sautin mana."

Harlan ya tsaya a bayanta. Da yake hannuwansa dogaye ne, ya zagayo da su ta gefenta biyu, ya ɗora gundumen ƙarfen a kan tsirkiya, haɓarsa a saman kanta. Ya fara waƙar da ta ba shi kunya ranar Asabar, yana faɗa mata a kunne, "Feda ta ɗaya da ta biyu. Saki. Gwiwa." A zagaye na biyu ta ce ya yi shiru, yana ruɗa ta. Ta san waƙar tun Glenda tana cikin zane, ta san inda take hawa da inda take sauka, ƙafarta da gwiwarta kuwa ba su taɓa jiran juna ba. Da suka zo wurin, ta jingina a hankali, muryar ta zame ƙasa ta tsaya daidai, ta daɗe a ɗakin kafin ta ɓace.

Dovie ta ji tsikar jikinta ta tashi. Ba ta zaci abin zai bi ta cinyarta ya shiga ƙirjinta haka ba. Harlan bai ɗaga hannunsa ba.

"Sake," ya ce.

Suka yi ta yi har wake ya kama a tukunya.

Asabar ta gaba da Dovie ta hau tirela da 'yar kujerarta, Delmus ya zaci fanke ta kawo masa. Da ya ga yadda suka zauna, ya cire sabon tabaransa ya goge ya mayar.

"Mis Dovie, wannan kuma wane irin zama ne?"

"Kai dai yi waƙarka, Ɗan'uwa Delmus. Ka kuma janye takalminka."

Ya gaya wa masu sauraro yau makaɗin jitarsu kai biyu gare shi, ɗaya mai sanƙo ɗaya mai kyau. Aka yi dariya. Da waƙar ta kai wurin, dariyar ta tsaya. Wani tsoho da ke ɗora buhun dusa a mota ya ajiye buhun ya juyo. Mako biyu bayan haka sai da aka riƙa ajiye motoci har bakin titi. Matar fasto ta ce ita dai ba ta ga dacewar namiji ya rungume mace a bainar jama'a da rana tsaka ba. Fasto ya ce shi ya ɗaura auren, kuma ya fi son wannan da irin abin da ake kawo masa ofis.

Haka suka yi duk daminar. Winfred ya zo ya ƙara wa ƙarfen tsawo aka huta da tawul. Amma sunkuyon ya fara cin bayan Harlan, in sun sauko sai ya yi ta tafiya a karkace. Ita kuma Dovie, zama gaban tsirkiya goma hannuwanta a cinya ya fara damunta, don ba ta saba hannunta ya zauna banza ba. Wata rana ta ce ya ba ta faratan ta gwada. Ya matse su da filaya suka yi daidai da yatsunta.

Hannun dama bai ba ta wuya ba. Na hagu ne ya ci mata tuwo a ƙwarya. Gundumen ƙarfen yana da nauyi, yana zamewa, in ta kauce da faɗin gashi kunnenta ya ji, ranta ya ɓaci. Harlan ya zama malami, kuma ya ji daɗin zama malami. Yakan ja kujera ya harɗe ƙafa ya ce, "A'a, Mama, ba guga kike yi ba," ita kuma ta harare shi ta gyara. Tana dawowa daga kamfani da ƙarfe huɗu, ta ɗora tukunya, ta zauna. Da hunturu ya shigo ta iya waƙa goma ita kaɗai. Kafin hunturun ya fita, Harlan ya daina gyara mata, don ya rasa abin gyarawa.

Wata Laraba ta kaɗa masa wani salo da ita ta haɗa shi, wanda take ture gwiwa tana sakin feda a lokaci guda. Ta ɗago tana jiran ya yi magana. Ya ce, "Ya yi," ya ɗauki hularsa ya fita. Kwana uku yana gyaran shingen bayan gida, shingen da babu abin da ya same shi. A tebur sai "miƙo gishiri".

Dovie ta rufe jitar da bargo ba ta ƙara taɓawa ba. A wurin aiki leɓenta ya tsaya, har wadda ke kusa da ita ta miƙo mata sabuwar allura. Rabin zuciyarta tausayi, don ta san shekarun da ya zuba a kan abin nan, kuma shi ya jiyo sautin ya kawo gida. Ɗaya rabin kuwa haushi ne, don ba sata ta yi ba, kuma ba ta ga laifinta ba in abu ya zauna mata. Ran Asabar da safe ta zuba kofi a kofuna biyu ta same shi a bakin shinge.

"In ka ci gaba da buga ƙusa a nan, shanun maƙwabta za su zaci kurkuku ne."

Ya karɓi kofin, bai dube ta ba. Ya kurɓa sau biyu.

"Shekara goma sha ɗaya ina bin abin nan, Dovie. Ke ko shekara ba ki yi ba."

"In ka ce in bari, zan bari. Jitarka ce. Amma ba zan ce maka ba na so ba, don ina so."

"Wa ya ce ki bari? In kin bari ni zan ji kunya, garin nan duk sun san wa ke yi." Ya juya kofin a hannunsa. "Zafi ne dai ya yi mini, sai da na bari ya huce. Jiya na biya shagon Delmus. Mai kaɗa mana babban goge zai koma wurin 'yarsa a Texas ƙarshen wata. Na ce ina so."

"Ka iya?"

"Tsirkiya huɗu ne, babu feda, babu gwiwa. A tsaye ake tsinka shi kamar mutum mai mutunci. Kuma duk ƙungiyar ni kaɗai na fi shi tsawo."

Dovie ta yi dariya har kofi ya zube mata a hannu. Ta ce to ya ajiye gudumar ya je ya yi wanka, sha ɗaya ta kusa.

Ta shekara ashirin da takwas tana kaɗa wa ƙungiyar jita. Winfred ya ƙara mata ƙarfen gwiwa uku a cikin shekarun, duk daga tarin matattun kekuna, kuma har ya mutu bai yarda akwai bambanci tsakanin muryoyin ba. Harlan ya zauna da babban gogen kamar don shi aka yi shi, lokacinsa ba ya kaucewa, har Delmus yakan ce da shi yake saita agogon shagonsa. Da kamfanin riguna ya rufe, matan layi na uku da yawa suka rasa abin yi da ranakunsu, Dovie kuwa sai ta samu safiya ta ƙara a kan yamma wajen kiɗa. Suka kaɗa a bukukuwan aure, da taron suyar tarwaɗa na 'yan kwana-kwana, da bikin kankana na gunduma, da gidan tsofaffi duk Talatar farkon wata. Wani mai ƙungiya daga Nashville ya taɓa jin ta ya ce ta bi su yawon kiɗa wata uku. Ta bi su kwana huɗu, ta ce motarsu warin safa take yi kuma tumatirinta ya nuna, ta hau bas ta dawo.

Abu guda ne ba ta taɓa yi wa jitar ba, ɗaukarta. In an kwance ta an sa a akwati, nauyinta ya kai na buhun dusa. Harlan ne ke kai ta mota ya sauke, bai taɓa barin wani ya kama masa ba. Da ya kai shekara saba'in da tara likita ya hana shi ɗaukar kaya, sai ya cire tayoyin keken jariran jikarsu ya ɗaura wa akwatin, ya sa igiya. Duk Asabar za ka gan su suna tsallaka filin, shi a gaba yana ja, tayoyin suna ƙara a kan tsakuwa, ita a baya da kwandon fanke tana ce masa ya bi a hankali akwai rami.